Fa'idodi da Illolin Rage Wurin da Kwamfutar Kwaikwayo Ke Ci a Laftof

Ɗalibin da ke koyon tsaron intanet da Kali Linux, da mai rubuta manhaja da ke son gwada aikinsa a kan tsari fiye da ɗaya, da ma'aikacin da har yanzu yake riƙe da wata tsohuwar manhaja wadda ba ta tafiya sai a kan Windows 7, duk sukan haɗu a kan dabara guda: girka kwamfutar kwaikwayo a cikin laftof. Manhajoji irin su VirtualBox, da VMware Workstation, da Hyper-V na kamfanin Microsoft, da QEMU ne ke ba da wannan dama. Kwamfutar da ke ciki, wato baƙuwa, tana da nata tsarin aiki da nata faifan ajiya. Amma a wurin laftof mai masauki, wannan faifan ba wani abu ba ne illa fayil mai girman gaske. A VirtualBox nau'insa VDI ne, a VMware VMDK, a Hyper-V VHDX, a QEMU kuma qcow2.

Lokacin ƙirƙirar baƙuwa akan zaɓi ɗaya daga cikin biyu: faifai mai tsayayyen girma, wanda ke kama wurinsa gaba ɗaya tun ranar farko, ko faifai mai girma a hankali. Yawanci na biyun ake ɗauka. Idan an ba shi iyakar gigabait 50, yana farawa da 'yan megabait kaɗan, sannan ya riƙa ƙaruwa duk lokacin da baƙuwar ta yi rubutu a inda ba ta taɓa rubutawa ba. A VirtualBox ƙarin yana zuwa ne gutsure-gutsure, megabait ɗaya ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne, fayil ɗin ya iya hawa amma bai iya sauka ba. Mutum zai goge gigabait 10 a cikin baƙuwar, ya leƙa mai masauki ya tarar girman yana nan yadda yake. Dalili kuwa, goge fayil bai wuce mai shago ya soke sunan kaya daga littafinsa alhali kayan suna nan jibge a sito ba. Baƙuwar ta san wurin ya zama fili, mai masauki kuwa yana ganin tsoffin bayanai a ciki, kuma ba shi da hurumin zubar da su.

Ga mai laftof mai faifan SSD na gigabait 256, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Windows 11 na buƙatar aƙalla gigabait 64, Ubuntu ta tebur kuma ana ba da shawarar a ware mata 25. Baƙi biyu ko uku sun isa su cinye rabin faifan.

Hanyoyin ragewa sun kasu kusan uku. Akwai share tarkace a cikin baƙuwar kanta. Akwai cika filin da ya rage da sifili sannan a umarci manhajar ta matse fayil ɗin, domin gutsuren da ke ɗauke da sifili zalla ne kawai take iya yarwa. Sai kuma taɓa tsarin ajiyar, wato goge hotunan yanayi (ajiyar halin da baƙuwa take ciki a wani lokaci, don a iya komawa gare shi), ko dunƙule fayil, ko raba tushe ɗaya tsakanin baƙi da yawa. Waɗannan hanyoyi ba nauyinsu ɗaya ba, kuma rashin adalci ne a yi musu kuɗin goro wajen yabo ko suka.

Fa'idodi

Fa'ida ta farko ita ce wurin da ake samu na gaskiya ne, kuma a hanyar matsewa kusan kyauta yake zuwa. A ɗauka baƙuwa tana nuna gigabait 22 ne ke cikin aiki, amma fayil ɗinta a mai masauki ya kai 45. Mafi yawan wannan tazara ragowar abubuwan da aka riga aka goge ne: tsoffin sabuntawa, da fayilolin da aka sauke aka gama da su, da bayanan wucin gadi. Idan aka kunna SDelete da harafin z a baƙuwar Windows, ko zerofree a baƙuwar Linux, sannan aka kashe ta aka ba VBoxManage na VirtualBox umarnin matsewa, girman zai sauko kusa da abin da ke cikin aiki. Ba a cire wata manhaja ba, ba a taɓa wani aiki ba. Abin da aka yar abu ne da mai shi ya riga ya yanke hukuncin ba ya so.

Lafiyar mai masauki ma tana cikin lissafi. Faifan SSD da ya kusa cika yakan yi nauyi wajen rubutu, kuma Windows kan kasa sabunta kansa idan bai sami fili ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne faifan ya cika ƙememe yayin da baƙuwa ke tsakiyar rubutu. A irin wannan hali VirtualBox na dakatar da baƙuwar ya fito da saƙon gargaɗi, kuma wanda ya firgita ya kashe ta da ƙarfi na iya rasa aikin da bai adana ba, ko ya lalata tsarin fayilolin da ke ciki. Saboda haka wanda ya ce zai bar fayil ɗin ya yi ta kumbura don gudun haɗari, shi ma a kan wani haɗarin yake zaune.

Akwai batun kuɗi. Sayen faifai mafi girma shi ne maganin da ya fi sauƙin faɗa, amma ba kowa ke da halinsa ba, kuma ba kowace laftof ce ke karɓar canji ba. MacBook masu injin kamfanin Apple, waɗanda suka fara fitowa a 2020, ma'ajiyarsu a liƙe take da allon ciki, haka ma wasu ƙananan laftof masu araha. Kayan aikin matsewa kuwa ba a biyan ko kwabo. VirtualBox, wanda kamfanin Innotek na Jamus ya fitar a 2007 kafin ya koma hannun Sun a 2008 sannan Oracle a 2010, kyauta ne. SDelete na cikin kayan Sysinternals da Microsoft ke rabawa kyauta. Hatta VMware Workstation Pro ya zama kyauta ga mai amfanin kansa tun watan Mayu na 2024.

Ƙaramin fayil ya fi sauƙin ɗauka da adanawa. Malamin da zai raba baƙuwa ɗaya ga aji guda ta hanyar filasha, ko wanda zai tura wa abokin aikinsa ta intanet, ya san bambancin gigabait 15 da 40 a lokaci da kuɗin data. Idan aka fitar da baƙuwa zuwa ƙunshin OVA, sifili yana dunƙulewa ya zama kusan babu, tsoffin bayanai kuwa suna shiga ƙunshin da nauyinsu. Kuma abin lura ne cewa mutane sun fi yawan yin kwafin ajiya idan aikin na minti goma ne, ba na awa biyu ba. Ta wannan fuska ragewa na taimaka wa tsaro, ko da yake ba kai-tsaye ba.

Rage yawan hotunan yanayi na da nasa amfanin bayan samun wuri. Duk lokacin da aka ɗauki hoton yanayi, manhajar na daskarar da faifan asali ta buɗe sabon fayil da zai riƙa karɓar canje-canje. Hoto na biyu ya dogara da na farko, na uku da na biyu, har su zama sarƙa. Idan sarƙar ta yi tsawo, karanta bayani na iya bi ta fayiloli da yawa kafin a kai gare shi, kuma lalacewar zobe ɗaya na shafar duk waɗanda suka biyo bayansa. Hoton da aka ɗauka wata takwas da suka wuce, kafin girka wata manhaja da tuni ta zauna lafiya, da wuya a sake komawa gare shi. Haɗe irinsa da faifan asali tsafta ce.

Cika fili da sifili na kuma rufe asiri. Fayil ɗin da aka goge ta hanyar da aka saba ana iya tono shi da manhaja irin PhotoRec. Wanda zai miƙa baƙuwarsa ga wani, alhali ya taɓa ajiye takardun aiki ko hotunan iyali a ciki, yana da dalilin yin wannan aiki ko da wuri bai dame shi ba. Sai dai kada a zaƙe wajen dogaro da shi: yana tsabtace kwafin da za a bayar ne, bai tabbatar da cewa babu ragowar komai a faifan mai masauki ba.

Ga masu gwajin hanyoyin sadarwa, kwafi mai jingina da tushe babbar rahama ce. Maimakon a kwafi baƙuwa mai gigabait 20 sau biyar, sai a bar tushe ɗaya, kowane kwafi ya riƙe abin da ya bambanta kawai. Laftof da ba za ta ɗauki baƙi uku ba sai ta ɗauki shida.

Sharar cikin gida kuma na buɗe wa mutum ido kan abin da ke cin wurinsa. A baƙuwar Windows akwai hiberfil.sys, fayil ɗin dogon barci, wanda kan kai gigabait da dama, alhali manhajar kwaikwayo na da tata hanyar adana yanayin baƙuwa, don haka kashe shi ba ya jawo asarar komai. A Ubuntu akwai ƙunshin manhajojin da apt ke tarawa bayan girkawa, da rajistar ayyuka ta journal, da tsoffin nau'o'in snap da ake riƙewa. Masu amfani da WSL 2 ko Docker Desktop a kan Windows ma da yawansu ba su san cewa baƙuwa suke ɗauke da ita ba, sai ranar da suka ci karo da wani fayil na VHDX ya kai gigabait masu yawa a ɓoye.

Illoli

Illa mafi kusa ita ce ta lokacin aikin kansa. Matsewa na nufin a riƙa ɗaga gutsuren bayanai daga ƙarshen fayil ana cike guraben da ke tsakiya, ana kuma gyara taswirar da ke nuna inda kowanne yake. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan, ko laftof ta mutu, ana iya wayar gari da fayil ɗin da ba ya buɗuwa. Da yake dukan faifan baƙuwa a fayil ɗaya yake, asarar ba ta takarda ɗaya ba ce, ta komai ce. Laftof mai lafiyayyen batir ta tsira daga yawancin wannan, amma wanda batirinsa ba ya riƙe caji, kuma yana zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas, dole ya saka wannan a ma'auni. Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a yi kwafi kafin a fara, kuma shawara ce mai kyau, sai dai mai neman wuri shi ne wanda ba shi da wurin ajiye kwafin. Idan babu faifan waje, aikin ya zama kasada.

Cika fili da sifili na iya kumbura fayil ɗin kafin ya rage shi. Hanyar da aka fi yaɗawa a Linux ita ce a rubuta wani ƙaton fayil na sifili har faifan baƙuwa ya cika, sannan a goge shi. A wasu nau'o'in faifan kwaikwayo wannan na sa fayil ya hau har iyakar da aka ba shi. Idan iyakar gigabait 100 ce, mai masauki kuma 30 suka rage masa, an gudu ba a tsira ba. Manhajar zerofree ta kauce wa wannan domin tana taɓa gurbin da ke da tsohon bayani ne kawai, amma tana aiki da tsarin ext ne, kuma tana buƙatar a ɗora faifan ta yadda ba a rubutu a kansa, abin da ke nufin shiga yanayin gyara ko tayar da baƙuwar daga wani faifan dabam. Ga sabon shiga wannan ba wasa ba ne. SDelete ma na da nasa tarkon: harafin z ne ke cika sifili, harafin c kuma gogewar tsaro yake yi, amma a tsoffin nau'o'insa ma'anar haruffan biyu a juye take, kuma tsoffin bayanan koyarwa na nan suna yawo.

Illar da ta fi kowacce nauyi ita ce toshe hanyar komawa baya, kuma a nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin yawancin manyan gigabait da ake samu cikin sauri daga nan suke fitowa. Hoton yanayi shi ne babban abin da ya fifita baƙuwa a kan kwamfuta ta zahiri. Ɗalibin da ya gwada wata muguwar manhaja, ko ya lalata tsari wajen koyo, da dannawa ɗaya yake komawa jiya. Idan ya goge hotunan duka don samun gigabait 12, ya sayar da wannan damar. Haka jakar Windows.old, wadda Windows ke ajiyewa tsawon kwana 10 bayan babbar sabuntawa don a iya komawa tsohon nau'i. Haka umarnin DISM mai ɗauke da ResetBase, wanda ke share tsoffin sassan tsarin amma ya hana cire sabuntawar da aka riga aka girka, ko da ita ce ke jawo matsala. Shi kansa sifilin da ke rufe asiri, shi ne ke tabbatar da cewa takardar da aka goge bisa kuskure makon jiya ba za ta ƙara dawowa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake laifi a kan kansa. Abin da ake faɗa shi ne wurin da suke bayarwa ba kyauta ba ne, kuma ba a jin zafin farashin sai ranar buƙata.

Akwai wani kuskure da ke da alaƙa da wannan wanda ya cancanci a ambace shi shi kaɗai. A cikin jakar kowace baƙuwa ta VirtualBox akwai ƙaramar jaka mai suna Snapshots, cike da manyan fayiloli masu dogayen sunaye na haruffa da lambobi a cikin lanƙwasassun baka. Ga wanda bai sani ba, sun yi kama da shara. Alhali na ƙarshe a cikinsu shi ne ke ɗauke da duk aikin da aka yi tun ranar da aka ɗauki hoton. Wanda ya goge su da hannu, garin neman gira ya rasa ido, domin ko dai baƙuwar ta ƙi tashi, ko a ceto faifan asali a tarar da shi yadda yake watanni da suka wuce. Hanyar da ta dace ita ce a goge hoton daga cikin manhajar, ta haɗe canje-canjen da kanta. Wannan haɗewa ma na cin lokaci, tana iya buƙatar ƙarin wuri na ɗan lokaci, kuma ba a katse ta.

Ribar matsewa ba ta dawwama. Da zarar baƙuwa ta ci gaba da aiki, fayil ɗin zai sake hawa, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya. Akwai maganin dindindin, wato a bar baƙuwa ta riƙa sanar da mai masauki duk gurbin da ta saki ta hanyar umarnin TRIM. QEMU na yin wannan idan an kunna masa, VirtualBox ma na da shi ga faifan VDI, amma sai ta layin umarni ake kunna shi. Mafi yawan masu amfani ba sa kaiwa can.

Idan faifan baƙuwa a kulle yake da BitLocker ko LUKS, lissafin ya canja. Sifilin da aka rubuta daga ciki yana bi ta makullin ne kafin ya isa faifai, sai ya fito a matsayin bayanai masu kama da hargitsi, waɗanda mai masauki ba zai iya yarwa ba. Sakamakon na iya zama fayil mafi girma fiye da yadda aka fara. Cire makullin zai gyara wannan, amma ga wanda ke riƙe da bayanan mutane a laftof da za a iya sacewa, ciniki ne da ke buƙatar dogon tunani.

Dunƙulewa na da iyakarta. Umarnin qemu-img na iya fitar da kwafin qcow2 a dunƙule, kuma ya dace da tushen da ba a yawan taɓawa. Amma injin laftof ne ke biyan kuɗin warwarewa a kowane karatu, kuma duk gurbin da aka sake rubutawa yana komawa ba a dunƙule ba. Masu kunna dunƙulewar NTFS a kan fayil ɗin baƙuwa kuwa su sani cewa Hyper-V ba ya karɓar faifan da aka yi wa haka.

Kwafi mai jingina da tushe, duk da amfaninsa, ya ɗaure baƙi da yawa a turke ɗaya. Idan tushen ya lalace ko aka matsar da shi ba bisa ƙa'ida ba, dukansu sun tsaya, kuma ba a iya ɗaukar ɗaya a kai wata laftof ba tare da tushen ba.

Rage iyakar faifan kanta, daga gigabait 100 zuwa 40 misali, wani aiki ne dabam da matsewa, kuma ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Umarnin canja girma na VirtualBox ƙari yake yi, ba ya ragi. Sai an rage ɓangarorin faifan daga ciki da manhaja irin GParted, sannan a kwashe su zuwa sabon ƙaramin faifai, kuma kuskuren lissafi kaɗan na yanke bayanai. Faifai mai tsayayyen girma shi ma ba ya matsuwa sai an kwafe shi zuwa nau'i mai girma a hankali, wanda ke nufin wurin fayil biyu a lokaci guda. Baƙuwar da aka takure da yawa kuma za ta kasa sabunta kanta, a dawo ana neman ƙara abin da aka rage.

Sauran illolin ƙanana ne, amma a faɗe su da gwargwadonsu. Ƙunshin manhajojin da aka share za a sake sauke su idan an buƙace su, wanda ke sayen data da gigabait ya san wannan kuɗi ne. Aikin na iya cin awa ɗaya ko fiye, laftof na zafi, baƙuwa a kashe. Batun cewa rubuta sifili na tsufar da SSD gaskiya ne, amma ana zuzuta shi fiye da kima: faifan zamani an ƙera shi ya jure rubutun terabait masu yawa, don haka yin wannan sau biyu ko uku a shekara ba abin damuwa ba ne. Wanda ya mai da shi aikin kowane mako ne ke ɓarna.

Kafin mai karatu ya taɓa komai, ya duba lambobi biyu: abin da baƙuwar ta ce tana amfani da shi, da girman fayil ɗinta a mai masauki. Idan tazarar gigabait biyu ce ko uku, wahalar ta fi ribar. Idan ta kai goma sha wani abu, akwai abin nema. Daga nan sai ya tambayi kansa abin da ke cikin baƙuwar. Wadda ake gwaji da ita, wadda za a iya sake girkawa da rana ɗaya, ana iya matse ta a share hotunanta ba fargaba. Wadda ke riƙe da aikin kammala karatu ko lissafin kasuwanci kuwa, kada a ba ta umarni ko ɗaya sai kwafinta na kan faifan waje, an kuma tayar da kwafin an ga yana tashi.